Zan Yi Addu'a a Kai

Mijina mutumin kirki ne. Na faɗa tun da fari don kada wani ya ce ban faɗa ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba ya shan giya, ba ya kallon matan mutane, zakkarsa ba ta taɓa makara zuwa coci ba. Matuƙin jirgin soja ne, irin mai saukar ungulu, kuma ko inji ba ya tayarwa sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a. Duk Illela an san wannan. Ni kaɗai na san abin da auren mutumin kirki ya ja mini.

Ba mu zauna bariki ba. Mahaifinsa malamin asibiti ne da aiki ya kawo Illela har ya rasu a nan, tsohuwarsa kuma ta ce ba mai raba ta da garin da kabarin mijinta yake. Shi kaɗai ne ɗanta. Sai ya kwaso ni da yara uku ya ajiye mu wurinta, wai kafin a ga abin da Allah zai yi. Tsohuwa ta rasu, muka ci gaba da zama, don yau a tura shi gabas, gobe a mayar da shi kudu.

Kullum da asuba sai ya kira mu addu'ar safe. Wayar Illela kuwa ba ta da amana, kina cikin ɗakinki sai ta kama sabis ɗin Nijar. Wuri ɗaya take tsayawa a gidanmu, bakin garken awaki. Nan nake jera yara, ido duk barci, ga wari, ya karanta mana Zabura, ya tambaye su ko suna jin maganar Mama, su ce e. Da ya ce amin, sauran yinin nawa ne ni kaɗai.

Abu ɗaya na roƙe shi a duniya, ya ajiye aikin nan tun yaran suna yara. Ba faɗuwar jirgi nake tsoro ba, wannan na daɗe da bar wa Allah. So nake su san ubansu da ido, ya yi musu faɗa, su yi fushi da shi, su shirya. Duk lokacin da na tayar da zancen sai ya riƙe hannuna ya ce, "Maman yara, zan yi addu'a a kai." Ya koma bakin aiki, can ya kira ya ce Ubangiji bai sake shi ba tukuna. Ni ma Kirista ce, ina addu'a, amma ban taɓa ganin wanda Ubangiji ke ba amsar da ransa ke so kullum kamar mijina ba. Tashi sama yake so, shi ke nan. Da ya fito ya faɗi haka da na fi ganin girmansa.

In ya zo hutu ma ba namu ba ne. Dattawan coci na jira, matasa na son ya yi musu wa'azi, ga gaishe-gaishen marasa lafiya. Mu sai abin da ya rage.

Shekarar da sanƙarau ya kama autarmu, yana can inda ba a samunsa. Alhaji maƙwabcinmu, mai fataucin wake zuwa Ƙonni, shi ya sa aka sauke buhunan da aka riga aka loda a motarsa, ya kwashe mu sai Sakkwato. Daga nan yarinya ta manne masa. Shi ya raka ta rubuta jarrabawa, shi ya kori samarin da suka fara tsaya mana a ƙofa. Baba Alhaji take ce masa.

Mijina ya yi ritaya daga baya, da furfura, kunne ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji. Mazan biyu sun riga sun kama gabansu. Auta kaɗai ta rage, tana koyarwa a firamare. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa abinci, ta fita. Ladabi kamar ga baƙo.

Akwai wani yaro ɗan cocinmu da ke nemanta. Na sani, na kuma ce mata ta gaya wa ubanta da bakinta. Ta ce to.

Wata Asabar da hantsi sai ga Alhaji ya yi sallama, dattawa na biye da shi da goro, duk kunya ta rufe shi. Ya ce, "Yallaɓai, baƙinka ne sunka yi ɓatan ƙofa."

Babbansu, baffan yaron, ya ce, "Gafara dai, ba ɓata muka yi ba. Yarinyar ce ta ce mu fara da gidan Alhaji."

Mijina ya sa aka kira ta. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Auta, me ya sa ban ji wannan maganar ba?"

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, na yi ta so in faɗa maka. Ban san ta inda zan fara ba. Ban saba ba."

Mijina ya juya ga Alhaji ya ce, "Ka karɓe su, kai ka san ta." Ya matsa gefen tabarma, aka yi maganar auren 'yarsa yana saurare da kunne ɗaya.

Na yi zaton ranar da gaskiyata ta fito zan ji sanyi. Ban ji ba, haushi na ƙara ji, nasa da nawa.

Da baƙi suka tafi ya same ni ina kwashe kofuna. Ya ce a hankali, "Maman yara, tana son yaron kuwa?"

Na ce, "Ga ta can a kicin, je ka tambaye ta."

Ya miƙe ya tafi har bakin ƙofar kicin ɗin. Ya tsaya yana kallon bayanta tana wanke-wanke, ya gyara murya, ba ta ji ba saboda ƙarar kwanuka. Sai ya dawo ya zauna.