Kunnen Kaka da Kwanon Baba

Jiya da la'asar na wuce wata yarinya tana gasa masara a bakin titi, yayyafi yana sauka a kan garwashin, hayaƙin ya daki hancina. Ai sai na tsaya cak kamar an riƙe min riga. Wannan ƙamshin na masara da jiƙaƙƙen gawayi shi ne ƙamshin gidanmu na Birnin Kudu a tsakiyar damina, kuma ban taɓa shaƙarsa ban tuna Kaka ba.

Kai mai karatu, in ba ka taɓa yin damina a garinmu ba, gaskiya an bar ka a baya. Hadari zai haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu, iska ta taso da sanyinta, awaki su bazama neman gindin katanga, mata suna ƙwala wa yara kira ta kowane lungu. Duwatsun da suka bushe ƙayau da rani su koma baƙaƙe suna sheƙi, ciyawa ta leƙo daga kowace tsaga. Da safe dattawa su haɗu a ƙofar masallaci da taɓo a ƙafa, wannan ya ce, "Ya ruwa?" wancan ya ce, "Ruwa ya yi gyara," kowa fuska a sake kamar shi ya aiko da shi.

Mu yara ba ma jiran a ce mana. Da an goce da ruwa sai tuɓe riga, kowa ya kama indararo, bututun nan da ke zubo da ruwan soro. Na gidan mahaucin unguwarmu ya fi na kowa ƙarfi, in ya sauka a tsakar kanka sai ka ji haƙoranka sun haɗu. Daga nan mu bi lungu muna tseren jiragen kara, mu dawo leɓe ya yi fari jiki yana ɓari, Inna tana faɗa tana miƙo kunun tsamiya mai zafi. Faɗan nata bai taɓa hana ta cika ƙoƙon ba. Ga shinge, ƙwarin nan masu fiffike, da muke tarawa bayan ruwan farko a soya da gishiri, ga kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ga tafasa. In marka ta kankama kuwa, dafaffiyar gyaɗa da masara ne har sai muƙamuƙi ya gaji. Ni dai har yau ban ga abin da ya kai wannan daɗi ba.

Amma duk wannan hidimar, mai buɗe ta ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. 'Yar Fagam ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta garinmu tun kafin a haifi kowa a gidan. Sana'arta daddawa, don haka kullum tsakar gida cike take da shanyarta. Allah ya ba ta kunne. Tun ruwa yana bayan dutse take jin tafiyarsa. Za ta ɗaga hannu a yi tsit, ta karkata kai, sai ka ji ta ce, "Ga shi nan! A kwashe shanya, a jera randuna!" Nan take gida ya kaure. Har matan maƙwabta ta bayan katanga muryarta suke jira, ba sa ɓata lokacin kallon sama. Ita ce kuma mai cewa a bar ruwan farko ya wuce ya wanke soro, ita ce mai cewa yanzu a tara.

Ni ne mijinta na wasa, kamar yadda kowace kaka take yi da jikanta. "Maigida" take ce min, in ta so tsokana ta ce miji marar cefane. Ni kuma in ce ta tsufa, zan sake ta in auro mai haƙori. Babu abin da ba na iya gaya mata.

A hankali kunnen nan ya fara nauyi. Da farko sai an maimaita magana, daga baya sai an matso an ɗaga murya. Muka mayar da abin wasa, ita ma tana taya mu. Sai wata rana a farkon damina, Inna ta tafi barka, mu muna makarantar allo, Kaka tana ɗaki ta ba ƙofa baya tana kaɗin auduga. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ta ji ko ɗigo ba. Da muka shigo a guje, daddawar da ta sha wahalar dafawa da daka ta narke tana bin ruwa zuwa rariya, tsakar gida duk wari. Kaka ta fito ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Daga ranar ta daina fitowa in hadari ya haɗo, sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Ta ba Inna tukunyar daddawarta. Ranar kasuwa ta aika wa ƙaninta a Fagam cewa da ya gama maimai, wato noma na biyu, ya zo ya ɗauke ta. Ta ƙulle 'yan zannuwanta a ƙunshi ɗaya ta ajiye a kan gado. Da na tambaye ta dalili, ta ce, "Maigida, ni da ba na jin ruwa, me nake tsarewa a gidan nan?" Na fita bayan rumbu na yi kuka har na gaji.

Za ka ce, to ina Baba, me ya hana shi ya je ya zauna gabanta ya roƙe ta? Ai nan gizo yake saƙa. Baba ɗanta ne na fari, kuma kunyar ɗan fari a wajen mutanen da ba abin wasa ba ce, balle 'yar ƙasar Gwaram da ta tashi cikin Fulani. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake, ko bakin turakarsa ba ta taɓa takawa ba. Shi ma in zai gaishe ta, daga waje yake durƙusawa kai a sunkuye. Magana mai nauyi irin wannan ba ta da hanyar bi a tsakaninsu sai ta bakina. Ya ce min, "Ka gaya wa kakarka damina ba lokacin tafiya ba ne." Na je na kwarara mata a kunne. Ta ce, "Ka ce wa wancan na ji." Shi ke nan fa. Na ga Baba yana ramewa, tuwo ma taɓawa kawai yake yi, ita kuma ƙunshinta yana nan a kan gado.

A shekarun nan ne aka ce ƙasa ta samu man fetur. Manyan motoci suna ta shigowa daga Kano da siminti da kwanon rufi, Baba kuma yana aiki da masu gyaran titi. Da bazarar shekarar ya sa aka sauke rufin turakarsa aka buga mata kwano, na farko a lungunmu. Ɗakin Kaka da ke can ƙuryar gida ya bar shi da soronsa mai kauri, don an ce kwano zafi gare shi, ba a sa tsoho a ciki. Girmamawa ce ya yi mata.

Wayyo kwano! Mu da muka tashi a ƙarƙashin soro ba mu san ruwa yana da murya haka ba. A soro sai dai ka ji indararo yana zuba a waje. A kwano kuwa ɗigon farko kamar an jefa tsakuwa, kafin ka ankara sama gaba ɗaya ta zama ganga. Muka bar wankan indararo muka koma cika turakar Baba, da mu da yaran unguwa, muna ihu muna tsalle ba mai jin wani. Wata rana cikin wannan hayaniyar yayata ta kama kunnena ta ce, "Wallahi wannan ko Kaka sai ta ji!" Muka kalli juna. Da muka kai wa Inna maganar ta dafe ƙirji ta ce, "Ku rufa min asiri! Turakar ɗanta na fari?" Ta juya ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "Ni dai ban ji ba, ban gani ba."

Na roƙi Kaka ta zo turakar ta ji ruwan, ta ce in na sake ta da maganar sai ta fasa min kai. Kwanaki suna ta tafiya, har saƙo ya zo cewa ƙaninta ya gama maimai, gobe yana tafe.

Ran nan bayan azahar hadari ya haɗo irin wanda kaji suke shiga akurki da rana tsaka. Na tsaya a tsakar gida ina kallon sama, iska tana kaɗa ganyen darbejiya. Da ɗigon farko ya taɓa goshina na faɗa ɗakin Kaka, na sure ƙunshin nan daga kan gado na fito da gudu.

"Kai! Ɗan banzan miji, kawo min kayana!"

Ban san tsohuwar nan tana da sauran gudu ba. Ta biyo ni da sanda, ɗankwali ya zame, yayata tana gefe tana tafi tana zuga ta. Na zagaya turmi, na zagaya rumbu, na miƙe sai turakar Baba. Haushi ya rufe mata ido, ta afko bayana har tsakiyar ɗaki, sanda a sama. Baba yana zaune a kan buzu yana murɗa rediyo. Ya ɗago ya ga mahaifiyarsa tsaye a kansa, ai ko takalmi bai nema ba, ya yi tsalle ya fice. Sai a lokacin Kaka ta gane inda take. Ta rufe fuska da gefen zane ta juya za ta fita.

Sai ruwa ya sauka.

Ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Kwanon ya ɗauka gaba ɗaya har ƙasa tana amsawa. Kaka ta tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ta saki zanen. Ta ɗaga hannu kamar yadda ta saba, ta karkata kai, ta ɗaga ido sama. Na ga bakinta ya buɗe, na ga dasashinta duka.

"Ga shi nan!" ta ce. "Maigida, ga shi nan! Ina jin sa!"

Muka ɓarke da ihu. Yayata tana rawa, yaran maƙwabta suka cika ƙofa, Inna ta leƙo daga madafa tana guɗa da muciya a hannu. Kaka tana dariya hawaye yana bin kumatunta, tana buga sandarta a ƙasa tana bin kiɗan. Ta leƙa waje ta daka tsawa, "Ku bar na farkon ya wuce! Wa ya ce a tara yanzu?" Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

A wannan leƙawar ce ta hango Baba. Yana tsaye jikin katanga ba takalmi, ruwa yana dukansa, riga ta manne masa, kai a sunkuye. Ta kawar da kai da sauri. Ta zauna a bakin gado ta fuskanci bango, ta ja hannuna ta ce, "Ka ce wa wancan ya shigo, zai yi mura."

Ya shigo yana ɗiga, ya tsugunna a can lungun ƙofa. Ga uwa ga ɗa a ɗaki ɗaya, ita tana kallon bango, shi yana kallon ƙasa, sama tana ta rugugi. Ina jin ta ɗauka wannan ƙarar da ta cika mata kunne ta rufe kunnen kowa. Ta manta cewa mai nauyin kunne da ƙarfi yake magana. Fuskarta a bango, ta kira sunan Baba. Sunansa na yanka, ɓaro-ɓaro, har Inna da ke madafa ta ji. Ta ce, "Ba inda zan je."

Ba wanda ya motsa. Duk muka yi kamar ba mu ji ba, har ƙaramin cikinmu ya san ya yi shiru. Baba ya ɗaga kai yana kallon kwano, ruwa yana bin fuskarsa, ban ce duka na sama ba ne.

Washegari ƙaninta ya iso da taɓo har gwiwa. Ta sa aka dama masa fura, ya sha ya huta, sannan ta tambaye shi ko akwai kwano a gidansa. Ya ce babu. Ta ce, "To, ka gai da mutan gida." Daga nan har ƙarshen ranta, da ta ga hadari sai ta ɗauki sandarta ta nufi turakar, Baba ya matsa mata gefe. Sunan dai ba ta ƙara kira ba.

Yau garinmu kwano ne ko'ina, soro sai ka nema. Kowa ya buga silin don kada ruwa ya dame shi, jikokina ma in ana ruwa rufe taga suke yi su ƙara muryar talabijin. Matata tana kiran ɗanmu na fari da sunansa tun daga ɗaki har bakin titi, ba wanda ya ga laifinta, ni ma ban gani ba. Lokacin da Baba ya tsufa, muka haɗu da ƙannena muka gyara gidan, aka yi wa kowane ɗaki silin. Da masu aiki suka zo kan tsohuwar turakar, ya tare ƙofa da sandarsa. Na ce, "Baba, kwanon nan ya yi tsatsa, ga zafi, ga ƙara, ba ka samun barci." Ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Sannan ya ce, "Ku bar min shi haka. A nan aka kira ni."