Aska Takwas a Kan Gilashi

Jiya ina binciken durowa na ci karo da 'yar na'urar nan mai gilashi da tsinken rubutu, wadda nake rubuta sautun ɗinkin mutane a ciki shekarar da soja suka koma bariki. Nan take Baffa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifina, mai zana aikin babbar riga a Kasuwar Kurmi, wanda nake taya aiki a rumfarsa.

Lokacin kowane sabon ɗan siyasa babbar riga yake nema. Akwai wani Alhaji da ya sa aka dawo mana da riga har sau biyu, wai ba haka ya ce ba. Ran na uku ya zo rumfa da kansa, na nuna wa Baffa abin da na rubuta: zanen aska takwas da tambari.

Baffa ya ce, "Doguwar aska ko gajera? Kai, rubutu ba ya ɗinka riga. Miƙo abin nan."

Ya karɓi tsinken, ya waiga yana neman kurtun tawada. Maƙwabta suka fashe da dariya, ko kallonsu bai yi ba. Ya yi bisimilla, ya danna har gilashin yana ƙara, ya ja askar nan takwas ƙarƙashin rubutuna babu gyara ko ɗaya. Sannan ya hura masa iska, wai ya bushe. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Wallahi ita ce, Baba!"

Yanzu na'urar ba ta kawo wuta. Amma da na karkata ta wajen haske, ga sawun hannunsa nan a gilashin, takwas cif. Allah ya haskaka makwancinka, Baffa.