Tumakin Inna a Gidajen Maƙwabta

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da safiyar da tumaki suka cika ƙofar gidanmu a Dakko.

Yayana yana acaɓa a Legas, kuma duk wata sai ya turo wa Inna, mahaifiyarmu, kuɗin maganin hawan jini. Ni nake ciro su a Talata Mafara, inda nake aure, in kai mata. Inna kuwa, Allah Ya ji ƙanta, sai ta sayi maganinta daidai, ragowar ta sayi 'yar tunkiya ta ba wata maƙwabciya kiwo, in ta haihu su raba 'ya'yan. Ni da bakina ba ya shiru, kullum sai na tsokane ta: "Inna, ke aka ce ki ci nama ki sha madara, ba a ce ki tara surukai masu ƙafa huɗu ba!" Sai ta yi murmushi ta ce, "Ke dai bari, ɗiyata. Ciwo ba shi sallama."

Ana nan sai mota ta buge Yaya. Abokan aikinsa suka yi karo-karo suka sako shi motar gida, ƙafa a kumbure har ta fara wari. A asibitin Mafara likita ya ce in ba a yi aiki cikin gaggawa ba, sai dai a yanke ta. Wallahi wanda muke kira in an shiga uku, shi ne a kwance. Yaya ya juya fuska bango yana hawaye, ya ce, "Ku bari su yanke. Ban zo da ko sisi ba."

Na je na faɗa wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Mayafi kawai ta ja, ta shiga gari gida-gida.

Washegari da hantsi sai ga mata suna ɓullowa ta kowane lungu, kowace da igiya a hannu. Wata da rago, wata da tunkiya da 'ya'yanta, har wata tsohuwa ta aiko da na Inna da ke hannunta daga garin Damaga. Kukan tumaki ya cika unguwa. Na tsaya baki buɗe, ina ta maimaita ikon Allah. Ashe 'yan tumakin da nake wa dariya sun yi ta haihuwa shekara da shekaru. A kasuwar Mafara aka sayar da su, aka yi aikin.

Da Yaya ya farfaɗo ya tambayi wa ya biya, Inna ta dafa ƙafar ta ce, "Kai ka biya. Ajiyarka ce na riƙe maka."

Yau yana noman shinkafa da ƙafafunsa biyu, sai ɗan ɗingishi. Ni kuwa na koyi cewa mai turo kuɗin magani shi ma jiki gare shi, kuma wajibi ne na gida su tanadar masa ranar da zai kwanta.