Ranar da Na Zama Idon Kaka

Ko zan manta komai na shekarata ta farko a Landan, ba zan manta Asabar ɗin da muka hau bas ni da kakata ba.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ba mu daɗe da tahowa daga Kano ba. A gida an koya mini kada in zuba wa babba ido, don haka duk sanda malamarmu ta yi mini tambaya sai in sunkuyar da kai, in amsa ciki-ciki. Ita kuwa ta ɗauka Turanci ne ba na ji. Ta aiko wa mahaifiyata takarda cewa ranar Litinin kowa zai tashi ya yi bayanin wani abu da ya gani a gari. Idan ban buɗe baki ba, za a mayar da ni ajin masu koyon Turanci, in rabu da ƙawa ɗaya tilo da na samu.

Kaka ta zo ne a cire mata yanar ido, tana jiran ranar aiki. Da safiyar Asabar ɗin ta tarar da ni ina kuka a kicin.

"Share majinar nan ki raka ni," ta ce. "Na gaji da zaman flat ɗin uwarki."

Muka hau bas mai hawa biyu daga unguwarmu, Peckham. Duk da ciwon gwiwa, ta ce ita sai a sama za ta zauna, a kujerar gaba. Da muka haye kogi muka shiga tsakanin dogayen gine-gine, sai ta taɓo ni.

"Babana magini ne. Yakan ce in kana son sanin magini, bar kallon ƙofa, dubi zanko. Ni dishi-dishi nake gani. Me waɗannan suka ɗora a sama?"

Na ɗaga kai. Can ƙolin wani gini ga mace ta dutse, ta rungume damin alkama, ruwan sama ya ja mata baƙin layi daga ido zuwa haɓa. Na faɗa a hankali.

"Da wa kike magana, da aljihunki? Kunnen ma ya tsufa."

Na ɗaga murya. Na gaya mata zakin da tattabara ta yi sheƙa a tsakanin ƙafafunsa, da mutumin da ya ɗauki duniya a wuya. Ba ta barin komai ya wuce: ina ya fuskanta, hannunsa a buɗe ne ko a dunƙule?

"Kaka, ga fara. Ta zinariya ce, a kan tsinin hasumiya."

"Fara? Ashe su ma sun san daɗi. Da yaji aka ɗora ta?"

Na tuntsire da dariya har na manta akwai mutane. Wani dattijo Bature a bayanmu ya tambaye ni me muke kallo. Kafin kunya ta kamo ni, na riga na zayyana masa da Turanci. Ya leƙa taga, ya ce kullum ta nan yake bi, bai taɓa ganinta ba.

Ranar Litinin na tsaya a gaban aji. Ban iya kallon fuskar malama ba, agogon bango na kalla, na yi kamar Kaka ce zaune a ƙarƙashinsa ba ta gani. Na fara da macen alkama. Da na gama, malamar ta tambaye ni a wane titi farar take. Maganar sauya aji ba ta sake tasowa ba.

Sai bayan Kaka ta koma gida mahaifiyata ta gaya mini cewa tun daren Juma'a ta karanta mata takardar. Ban samu na gode wa Kaka baki da baki yadda ya kamata ba, amma ba na salla ban sa ta a addu'a ba. A wurinta na koyi cewa yaro mai kunya ba a buɗe masa baki da tsawa. Nuna masa kana buƙatar abin da ya gani, zai faɗa maka da kansa.