Wutar Iya Tabawa

Tun mijinta na da rai Iya Tabawa ke sayar da ɗanwake a bakin tashar Laranto, kuma ba ta taɓa sayen itace ba. Da dusar katako take girki. Takan tsayar da kwalba a tsakiyar tsohon gwangwanin fenti, ta danƙara dusar kewaye da ita, ta zare kwalbar, ta kunna wuta ta ƙofar ƙasa. Wutar nan sai ta kai azahar tana ci. Dusar kuwa kyauta ce a kasuwar Katako, masu injin yanka har godiya suke yi idan an kwashe musu.

Sai kiwon kaji ya shigo unguwa, kowa na neman abin shimfiɗa wa kajinsa. Abin haushin, Iya ce da ƙafarta ta kai maƙwabciyarta Magadaliya wurin Alhaji Sharafaddeen mai inji, lokacin da kajin Magadaliya ba su cika kwando ba. Yanzu a keke ake kwaso mata.

Wata Laraba Iya ta je da buhunta, ta tarar an share wurin tas.

"Alhaji, ina rabona?"

"Wallahi Iya, masu kaji sun riga ki."

"Kaji! Ni da nake ciyar da direbobi? Kaza fa kwanciya kawai za ta yi a kai ta yi kashi!"

Ta biya gidan Magadaliya, ko za ta samu wadda kajin suka gama da ita ta shanya.

"Ayya Mama, da kin zo jiya. Pam manomi ya kwashe, taki ne a gonar dankalinsa."

"Har kashin ma da mai shi?"

Washegari tukunya ba ta hau wuta ba. Tana zaune tana kallon direbobinta sun yi layi wurin mai shayi.

Da ta koma Katako, Alhaji ya nuna mata ƙarƙashin inji. Akwai laushin gari da masu kaji ba sa so, wai yana shiga hancin 'yan tsaki. Sai dai a durƙusa a sharo. Iya ta ɗaure mayafi a ƙugu ta durƙusa, ta fito fari fat tana tari tana hamdala.

Da safe wuta ta kama, direbobi suka dawo. Wani ya miƙo kwano.

"Iya, a sa min ƙwai."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Na daina. Je ka tambayi Magadaliya."