Alhaji Mamman Gwadangaji, Wanda Ya Haɗa Kantunanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi motar da ke kawo mana kaya ta iso ƙofar kantina a Argungu, babu ko kwali ɗaya a bayanta. Isa direba bai kashe injin ba. Ya leƙo ta taga idanunsa jajur, ya ce, "Malam Sani, rufe kanti mu tahi. Alhaji ya faɗi a sito bayan sallar asuba, bai tashi ba." Kafin mu isa Birnin Kebbi an riga an rufe shi. Ƙasar kabarin kawai na samu, da sauran danshinta.

Na san Alhaji Mamman tun lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu. Ma'aikata sun kwararo Birnin Kebbi da iyalansu, amma duk ƙarshen mako sai su koma Sakkwato sayen sukari da sabulu da madara, domin kantunanmu ba su da abin kirki. Shi ne ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu bakwai, biyar a Birnin Kebbi, biyu a Argungu. Ya ce kowa ya riƙe kantinsa da mabuɗinsa, amma mu yi sari tare, mota ɗaya ta raba mana, farashi ɗaya, allon suna iri ɗaya a kowace ƙofa. Nasa kantin ya fi na kowa girma, amma idan kaya suka yi ƙaranci shi ke ɗauka a ƙarshe. Yakan ce, "Kantin naka ne, sunan kuwa namu ne duka."

Akwai abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba, yau zan faɗa domin a san wanda aka rasa. Wata damina madarar jarirai ta kwanta mini har lokacinta ya wuce. Na sa wuƙa na kankare kwanan watan da ke gindin gwangwanayen, na ci gaba da sayarwa. Wani malamin firamare ya saya wa 'yarsa mai wata takwas. Kwana tara ta yi a asibiti tana amai da gudawa, har an fara cire rai.

Labari ya kai wa Alhaji. Ya zo da kansa, ko amsa gaisuwata bai gama yi ba ya ɗauki gwangwani ya juya gindinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa yak kankare wanga?"

Na ce, "Alhaji, ni ne."

"Da ɗiyarka ce, ka ba ta?"

Ya sa aka fasa gwangwanayen duka aka zubar a rami, a gaban masu wucewa. Sannan ya hau benci, da girmansa da ciwon gwiwarsa, ya kwance allon da ke saman ƙofata. Na zaci ya gama. Sai ya ce, "Sa hularka. Gidan uban yarinya za mu." Ya shiga gabana, ya durƙusa wa malamin da bai kai sa'ar ɗansa ba, ya ce, "Sunanmu ka gani ka amince. Laifin ya haɗa da ni."

Yarinyar ta rayu, amma har yau uwarta ba ta bin layin kantina. A taronmu na gaba mutum huɗu suka ce a kore ni har abada. Alhaji ya ce a ba ni wata shida na gwaji, duk wanda ya ga dama ya shigo ya duba kayana ba tare da sanarwa ba. Shi ya fi kowa zuwa. Da wa'adin ya cika aka mayar da ni cikinsu, bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Ba ya dariya da yawa, kuma idan ya ce a'a, an gama. Wasu sun fita daga cikinmu saboda haka. Ko a zaman makoki na ji biyu daga cikin waɗanda suka rage suna raɗa cewa gara kowa ya kama gabansa. Ban sani ba ko motar za ta sake zuwa Argungu da kaya. Shi ne yake riƙe da mu, kuma babu wanda za mu ji kunyarsa yanzu.

Ya Allah, bawanka Mamman ya rufa mini asiri bayan ya tsayar da ni a kan gaskiya. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya Luba da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.