Ranar da Aka Amsa wa Baba Sallama a Kogon Kuka

Jama'a, abin nan da zan ba ku ba ji na yi an ce ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko yau aka kawo Alƙur'ani zan dafa. Shekarun baya ne, lokacin ina jan Keke Napep a Nguru, tsakanin tashar jirgi da kasuwar kifi, mahaifina kuma yana kwance a Gashuwa da ciwon ƙoda, ƙafafu sun kumbura suntum, ko bayi sai an goya shi. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, to kun san sauran. Rabin mako ina Nguru ina neman na magani, rabi ina Gashuwa ina jinya da wanki, har ta kai in na ta da sallah sai in ji ina gyangyaɗi a tsaye. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ana cikin haka, da sanyi ya shigo an gama yankan shinkafa, sai Baba ya tsiro da wata magana, wai shi sai an kai shi Dagona ya ga tsuntsaye. Can aka haife shi, can ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, tun kafin a mayar da fadamar gandun gwamnati a hana farauta. Na ce haba Baba, mutumin da ba ya iya kaiwa ƙofar gida, ina shi ina yawon buɗe ido? Gobe ya sake, jibi ya sake, tsohon nan akwai naci, har dai na gaji da ji na ce to, Allah ya kai mu Asabar.

Ranar Asabar da hantsi a-kori-kura ta sauke mu a Dagona, wani ma'aikacin gandun ya haɗa mu da mai kwale-kwale, wani dattijo Babade ana ce masa Malam Gambo. Na goyi Baba na sa shi a ciki, muka kutsa cikin ciyawar kacalla. Gaskiya wurin akwai kyau, sai dai ni ido ne kawai ke kallo, zuciya tana kan kuɗin allurar Litinin. Ga dinya, ga zalɓe, ga gauraka, ga kuma agwagin nan baƙi da ke zuwa daga ƙasashen Turawa su ci sanyi a nan, in sun tashi sai ka ga rana ta dusashe. Baba kuwa sai kiran sunayensu yake da Badanci yana dariya, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

Wajen azahar muka sauka a wani tudu mai goruba, muka yi sallah, jan biri na ta tsalle a sama. Can tsakiyar tudun akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, faɗinsa ya kai ɗaki. Malam Gambo ya ce masunta a nan suke fakewa in hadari ya ritsa da su, amma da ƙa'ida tun ta kakanni: ka tsaya a baki ka yi sallama, in ka ji shiru ka shiga, in an amsa kuwa ka juya, ko takalminka ya faɗi kada ka tsaya ɗauka. Na yi 'yar dariya, na ce su kuma mutanen nan komai nasu a juye yake. Baba ya ce in kai shi.

Ban so ba, bayana kamar zai tsage, amma na durƙusa na goya shi. Muna isa bakin kogon ya yi sallama da 'yar muryarsa ta marar lafiya.

Wallahi tallahi aka amsa. Muryar tsoho ce, a natse, cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, kuma kogon nan ina ganin cikinsa tar, ba kowa sai jemagu a rataye.

Kafin in juya na ji bayana ya yi sakayau. Baba ne ya sauka da kansa, ya tsaya da ƙafafun nan da suka yi watanni ba su taka ƙasa ba, ya cire takalmi ya shige. Na yunƙura zan bi shi, Malam Gambo ya damƙe mini hannu, ya ce in na shiga yanzu mutum biyu zai rasa, shi kuma bai san abin da zai faɗa wa hukuma ba.

Muka zauna daga nesa kaɗan. Muna jin magana tana tashi, muryar Baba da wasu muryoyi, duk da Badanci, ni kuwa tashin Nguru ne, ban da gaisuwa ba abin da nake ji. Na ce Malam Gambo ya fassara mini, ya ƙi, sai jan carbi yake. Ni dai abu ɗaya ke yawo a kaina: in koma Gashuwa in ce wa Inna da ƙannena mata me? In ce na kai tsohon da ba ya tafiya daji, ya shiga kuka bai fito ba? Na yi kuka a wurin nan, ba na ɓoye muku, kukan tsoro da na gajiya suka haɗu.

Da la'asar ta yi, maganar ta ɗauke ɗif. Na ce ai kuwa ko me zai faru sai dai ya faru. Na je bakin kogon na yi sallama, na ji shiru, na shiga. Baba na zaune shi kaɗai ya jingina, gabansa kuma ƙasa ta lotsa wuri-wuri kamar inda mutane suka tashi daga zama. Ya miƙe ba tare da na kama shi ba, ya taka har bakin ruwa da ƙafarsa.

Sai da muka yi nisa a kwale-kwale sannan ya buɗe baki.

"Sun ce in zauna, shimfiɗata ma an yi," in ji shi. "Na ce su yi haƙuri. Yaron nan ya ɗauke ni ya gaji, ba zan bari ya koma gida kuma da maganar ya yar da ubansa a daji ba. Sun ba ni zuwa tashin baƙin agwagin nan."

Na ce su wa? Ya juya yana kallon ruwa.

To jama'a, tun daga ranar Baba bai sake hawa bayana ba. Kumburi ya saɓe, yana zuwa masallaci da kansa, har kasuwa yake leƙawa ya sayo mana bandar kifi. Likita ya duba ya sake dubawa ya ce shi dai ƙodar tana nan yadda take, bai san me ke riƙe da tsohon ba. Baba ya kore ni Nguru, ya ce in je in yi aikina in yi barci. Na yi barcin kuwa, sanyin nan gaba ɗaya.

Da zafi ya fara, wata rana da safe ina layin fasinja sai na ga agwagin nan sun yi jere a sama sun nufi arewa. Ban jira waya ba, na ajiye Keken na hau motar Gashuwa. Na tarar ana haɗa ruwan wankan gawarsa.

Har yau ban san wa ya amsa sallamar nan ba, Malam Gambo ma da na koma na matsa masa, cewa kawai ya yi bai taɓa jin mutum ya yi roƙo irin wanda Baba ya yi ranar ba. Ni dai shawarata, in tsohonku ya nace a kai shi wani wuri, ku daure ku kai shi, komai gajiyarku. In kuma kun je gandun Dagona aka nuna muku kukar nan, ku kalli tsuntsayenku ku wuce. Ni kam yanzu ko ɗakin da na san ba kowa zan shiga, in na yi sallama sai na tsaya na saurara, gabana yana faɗuwa.